Ranar da Haliru Barunje Ya Yi Tarenin Kansa

Kowane gari da gwaninsa, kowane gari kuma da mai cika bakinsa. Bodinga dai an rage mata wahala, aka haɗa mata su biyun a jikin mutum ɗaya. Sunansa Haliru Barunje, mahauci ɗan mahauci, dogo siriri mai wuya kamar na zalɓe. In ka ji shi yana zuba a rumfarsa ta kasuwa, sai ka rantse shi ya koya wa wuƙa yanka.

Abu ɗaya dai ko maƙiyinsa ba ya musu, Haliru ya iya tareni. Wanda bai taɓa yin Babbar Sallah a ƙasar Sakkwato ba, bari in faɗa masa yadda ake yi. Mu nan ba ma gaggawar yayyanka naman layya mu jefa a tukunya. Feɗe rago ake yi, a buɗe shi ɗungurungum, a soke shi da sanduna biyu a gicciye, a kafa shi a kishingiɗe gefen tulin itace. Raguna su zagaye wuta tun hantsi har rana ta yi sanyi, kitse na narkewa yana ɗiga cikin kwanonin da aka tara a ƙasa. A ƙofar gidan su Haliru, inda ake jera ragunan dangi da na maƙwabta, shi ke wannan aiki shekara da shekaru. Shi ke cewa a matso, shi ke cewa a juya. Kwanon man farko kuma nasa ne, yakan barbaɗa masa yaji ya kafa kai a gaban jama'a, ana tafa masa.

Sauran ranakun shekara ma ba hutawa cikin nan yake ba. Da safe kakide, wato narkakken kitse, a kan shinkafa da wake, da rana tsire mai kitse, da yamma tuwo sai ya yi iyo cikin man shanu, a kora da lemun kwalba mai sanyi. Duk da haka ko tsoka ɗaya ba ta taɓa zama a jikinsa ba.

Ana nan sai wansa Alhaji Sodangi, wanda shi ne babban gida, ya yanke jiki ya faɗi, aka ɗaga shi da ɓarin jiki a shanye. Ya sha jinya, Allah ya tashi kafaɗarsa, amma hannun dama ya tafi, magana kuma sai a hankali. Likitar da ke duba shi ta ce irin wannan yana bin dangi, a turo mata 'yan'uwansa ta auna jininsu. Haliru ya yi ta zille-zille har aka yi ƙaramar Sallah. Ranar nan matarsa Hasiya ta ɓoye masa wuƙaƙe, ta ce ba kasuwa sai ya je asibiti. Dole ya je, tana biye da shi.

Da sakamako ya fito, likita ta dube shi ta ce, "Malam Haliru, jininka akwai kitse, kuma ya yi yawa. Iri biyu ne ma. Ɗaya shi ke liƙewa a jijiyoyi har ya toshe hanya, ɗayan kuma zaƙi da maiƙo ke ƙara masa ƙarfi. Shi ya kayar da wanka."

Haliru ya ƙyalƙyale da dariya, ya ɗage riga ya nuna mata haƙarƙari. "Likita, dubi wanga jiki don Allah. Ina kitsen? Ni da ko kare ya gan ni sai shi wuce!"

"Ba ka taɓa yanka ragon da ka raina ba, ka buɗe ka tarar ƙodarsa ta nutse cikin kitse?"

Haliru ya saki rigar. Can sai fuskarsa ta washe, ya juya wajen matarsa. "Hasiya, kin ji ko? Ashe ni irin ragunan nan na masu ɓoye arziki!"

Likita ta ce ba yabonsa take ba. Ta ce ya bar kakide da kitse da lemun kwalba, ya rage man shanu da soye-soye. Ya riƙa cin wake, da zogale, da ganye, da kifi. Ya riƙa taka ƙasa kullum da sanyin safiya ko da yamma har jikinsa ya ɗumama. Sannan ta ba shi wata 'yar ƙwaya ta ce ya sha ɗaya kullum, kada ya tsallake. "In ka kiyaye, ka dawo gab da Babbar Sallah mu sake aunawa. Da yardar Allah za mu ga sauƙi."

Hasiya ba ta ɓoye wa Alhaji Sodangi ko kalma ɗaya ba. Yana zaune a kujerarsa cikin zaure ya sa aka kira masa ƙanensa.

"Haliru," ya ce, yana jan maganar da ƙyar, "in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. Ga ni kana gani. In likita ba ta ce kitsen nan ya sauka ba kahin Sallah, bana ba ka kusantar wutar tareni. Na san halinka, in ka tsaya wurin sai ka sha man nan."

"Haba Yaya! To wa za shi yi? Duk Bodinga wa ya iya?"

"Tasi'u."

Wallahi da mari aka yi masa da ya fi masa sauƙi. Tasi'u ɗan gwaggonsu ne, taubashin Haliru, gajere mai tumbi, yana sayar da kifi a Shagari. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa an rabu lafiya ba. Ga wasan taubasantaka, ga kuma tsohon wasan da ke tsakanin mahauta da masu kifi. Abin da ya fi ƙona ran Haliru, shi ma Tasi'un an auna shi, aka ce jininsa garau yake, tumbin nan da komai.

"Mai kihi? Mai ƙarni? Shi taɓa ragon layya ƙofar gidan ubana ina raye?"

"Na gama magana," in ji Alhaji Sodangi.

Kashegari duk kasuwar Bodinga ta ji labari, daga bakin mai shi. Haliru ya hau kan benci yana wasa wuƙa. "Jama'a ku shaida! Likita ta ce watanni. Ni da nika narkar da kitsen garken raguna wuni guda, ɗan nawa kitse za shi gagare ni? Kitse ba shi jin magana, ba shi jin ƙwaya, zahi shika ji. Wanga ilimi ba a asibiti aka koyon shi ba!" Ƙwayar kuwa ya miƙa wa Hasiya ya ce ta ba kaji, wai ko ƙwayar gero ta fi ta cika ido. Hasiya ta shiga dafa wake da kwaɗon zogale. Yakan ci ya yi godiya, ya wuce rumfa ya wanke baki da tsire.

Dabara ta farko ita ce tafiya. Likita ta ce kaɗan-kaɗan kullum, Haliru ya ce wannan aikin malalaci ne, shi tara ta zai yi ya biya gaba ɗaya. Ya yi shela cewa ranar kasuwar Shagari zai taka da ƙafa tun daga Bodinga, da tsakar rana, ya je ya gaida Tasi'u a rumfarsa yana bushe kamar kilishi. Lokacin kuwa bazara ce, irin wadda ko jaki ke neman inuwa. Ya sa rigar sanyi, ya ɗora wata, ya ja hular sanyi har kunne, ya yafa bargo. Mutane suka raka shi har bakin titi. Wani tela ya ce masa, "Barunje, ka bar wasiyya?" Haliru ya ce wasiyyarsa ita ce a tanadi ƙaramar riga, don wadda ke jikinsa za ta yi masa yawa in ya dawo.

Bai yi nisan kirki da gari ba titi ya soma rawa a idonsa. Ya ga mota ɗaya ta zama biyu, ya rasa wadda zai kauce wa. Ya lallaɓa gindin wata aduwa ya zube. Nan wasu matan Fulani masu tallan nono suka tsince shi. Suka yaye bargon, suka cire hular, suka yi masa fifita da faifai. Babbarsu ta ga haƙarƙari a waje, ta yi salati.

"Wayyo, bawan Allah, yunwa ce!" Ta dama masa fura da nono, ta gutsuro curin man shanu ta jefa a ciki.

"Inna, likita ta hana ni," in ji Haliru da 'yar murya.

"Likitar tana nan?"

Haliru ya duba gabas ya duba yamma, bai gan ta ba. Kuma ai mayar da hannun kyauta wulaƙanci ne, shi kuwa ba a haife shi da wulaƙanta mutane ba. Ya sha, ya miƙa ƙwarya aka ƙara. Matan suka tsayar da wata motar albasa, aka ɗora shi a kan buhuna, iska ta kaɗa shi ya yi barci. Direban nan, ban san ko da gayya ya yi ba, bai sauke shi ko'ina ba sai daidai rumfar Tasi'u.

"Lale, lale da Barunje!" in ji Tasi'u, yana kiran maƙwabta su zo su gani. "Sannu da tahiya! Ashe ƙahwahunka taya gare su?"

"Na iso ko ban iso ba?"

"Ka iso. Amma mi ka ƙyalli ga gemunka haka?"

Haliru ya shafa gemu, ya ji maiƙo. Nan take ya ɗaga hannu sama. "Allahu akbar! Jama'a ku gani da idonku, kitsen na ya hwara hitowa!"

Tasi'u ya matso ya shinshina. "Ikon Allah. Kitsenka ƙamshin man shanu shikai."

"Asali na, yaro. Kai naka ran da ya hito, kuliyoyin Shagari duk sai sun bi ka gida."

Aka yi ta dariya, amma Haliru ya koma Bodinga yana ba da labarin cewa rabin aiki ya ƙare. A daren farko ma sai da ya ci ƙarin tsire, wai kada jiki ya ji an yi masa fashi.

Dabara ta biyu a tsakar gida ya tsince ta. Ya ga Hasiya tana wanke tukunyar da aka soya nama, ta zuba toka da ruwan zafi, ta goga, maiƙo ya fita tas. Haliru ya tsaya yana kallo baki buɗe. Wato abin da ake ta wahala a kai, ga shi nan a murhu kyauta! Da sassafe ya tace ruwan toka cike da kofi, ya jefa kanwa, ya matse lemun tsami, ya runtse ido ya shanye. Sannan ya ɗauki wuƙaƙensa ya tafi gidan wani maƙwabci da ake suna, don shi zai feɗe ragon.

Yana cikin fiɗa, maroƙi na ta kirari, sai cikinsa ya yi wata ƙara da har maroƙin ya dakata. Haliru ya daure. Cikin ya sake magana, wannan karon da tsawa. Ai sai ya zabura, cinyar rago a hannu ya manta bai ajiye ba, ya ratsa tabarmar dattawa, ya tsallake kwanon goro, ya faɗa cikin gidan mutane ba sallama. Wani baƙo da bai san shi ba ya yi ihun ɓarawo. Mata suka watse, samari suka biyo shi da sanduna, suka tarar ya shige bayi ya ja ƙyaure, cinyar rago na leƙowa ta saman katanga.

Mai gida ya zo yana haki. "Haliru, lahiya?"

"Lahiya lau!" in ji murya daga ciki. "Narkewa shikai! Kada kowa shi dame ni, aiki nikai!"

"To miƙo muna cinyar, ka ci gaba da aikinka."

Wuni ya yi yana zarya, sai da aka kira wani mahauci ya ƙarasa fiɗar. Da yamma Hasiya ta same shi kwance a tabarma, ido ya faɗa, ta dama masa ruwan gishiri da sukari tana ba shi. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Malam, ni wallahi ba tareni ad damuwata ba. Tsoro nika ji. Ka ga yadda aka juya Yaya bisa gado, a juya shi dama, a juya shi hagu. Ba ni son ranar da za ni juya ka haka. Sha ƙwayar nan don Allah, mi za ta rage ka da shi?"

Maganar ta shige shi, don har ya sunkuyar da kai. Da a nan ya tsaya da an huta. Amma kan Haliru ba ya riƙe abin kirki ya daɗe. A juya dama, a juya hagu. Sai ya tashi zaune zumbur.

"Hasiya, Allah shi yi miki albarka! Ina ta kewaye-kewaye, ga sana'ata a hannuna!"

Ta tambaye shi me yake nufi, ya ce sirrin maza ne.

Ya jira har Sallah ta matso, ranar da Hasiya ta tafi Dingyadi barkar haihuwa, Alhaji Sodangi kuma yana hutawa a zaure ba a gaya masa komai ba. Haliru ya tula itace a filin ƙofar gida, ya kawo manyan sanduna biyu ya gicciya, ya kafa. Ya aika a gaya wa duk mai ido ya zo ya ga yadda ake cire kitsen jini a wuni ɗaya. Kafin a jima fili ya cika. Ya tuɓe riga, ya bar wando, ya ajiye sabon kwano a ƙasa. Ya ce wannan kwano, in ya cika, shi zai kai wa likita ta auna da hannunta.

Saura mai ɗaure shi. Kowa ya noƙe, ana cewa wannan ai hauka ne. Sai ga Tasi'u a kan babur, ya kawo kifi Bodinga, da babbar roba a baya cike da ruwa da tarwaɗa masu rai. Da ya ji abin da ake ciki, ko kashe babur bai gama yi ba ya ce, "Ni na iya ɗauri!"

"Ɗaure da kyau," in ji Haliru, ya buɗe hannuwa a kan sanduna. "Kuma ku ji, jama'a ku shaida. Ko na yi kuka, ko na yi magiya, kada wanda ya kwance ni sai kwanon ga ya cika. Rago ba a shawara da shi."

"Mun shaida!" in ji jama'a.

Aka kunna wuta. Da farko abin gwanin sha'awa. Haliru na tsaye a gicciye yana ba da darasi, wai a lura da tazarar da ya bari, wai nan gwaninta take. Zufa ta karyo masa tun daga goshi, ta bi gemu, ta bi ciki, ta soma ɗiga a kwano, ɗis, ɗis.

"Kun gani? Kun gani? Wa ya ce ƙarya nikai?"

Wata tsohuwa mai ƙosai ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta tofar. "Wanga ai gishiri na, ɗana."

"Na sama-sama na, Inna. Man yana ƙasa, shi ka zuwa daga baya. Tasi'u, juya ni!"

Tasi'u da wasu ƙarti suka ciccibe shi da sandunan, suka juya bayansa ga wuta, suka sake kafawa. Tasi'u ya zagaya shi yana matsa haƙarƙarinsa da yatsa. "Kai, an cuci mai wanga rago. Ko layya ba ta halatta da shi, ramammen dabba na."

"Za ka ga ramamme ran Sallah, in kana kallo daga nesa!"

Itace ya kama sosai. Bayan Haliru ya soma yi masa raɗaɗi, darasi ya ragu, ya koma lumshe ido yana cije leɓe. Can ya ce, a hankali yadda jama'a ba za su ji ba, "Tasi'u, ɗan ja ni gaba kaɗan."

"Mi ka ce?" in ji Tasi'u da ƙarfi, yana kama kunne.

"Na ce tazarar ta yi kaɗan."

"Jama'a, rago na magana! Ana shawara da rago?"

"Ba a yi!" in ji jama'a, har da masu riƙe ciki.

"Tasi'u, don darajar Gwaggo!"

"Kwano bai ko rufe gindi ba, Barunje. Yi haƙuri, man na ƙasa, shi ka zuwa daga baya."

To, lokacin farkon damina ne, kuma tun ɗazu hadari ke haɗuwa a gabas ba wanda ya kula. Sai iska ta taso gaba ɗaya. Harshen wuta ya kwanto, ya lashi wandon Haliru ta baya, wando ya ce bismillah. Ihun da Haliru ya yi, an ce har masu shago a bakin titi sun ji. Tasi'u ya daina dariya ya ruga zai kwance igiya, amma ina! Ƙarfin da Haliru bai taɓa sanin yana da shi ba ya zo masa, ya tumɓuke sandunan daga ƙasa, ya zura da gudu da su a bayansa, hannuwa a buɗe, hayaƙi na bin sa. Ya shuri kwanon, ya watsa taron, awaki suka tsinke. Ya nufi gida, don a ransa randar tsakar gida kawai yake gani.

Abin da bai lissafa ba shi ne ƙofar zaure. Kai ya shiga, sanduna suka ce ba da mu ba. Ya maƙale ƙam a bakin ƙofa, rabi ciki rabi waje, ido cikin ido da Alhaji Sodangi da ke zaune da carbi.

"Salamu alaikum, Yaya," in ji Haliru. "Wuta! Wuta!"

Tasi'u ya rarumo robar kifinsa ya sheƙa masa ta baya, ruwa da tarwaɗa da komai. Wuta ta mutu. Kifi ya watsu a ƙofar gida yana tsalle, wata tarwaɗa ta maƙale a ragowar wandon ta kafa masa ƙaya, ya sake sabon ihu. Daidai nan ɗan kabu-kabu ya sauke Hasiya daga babur. Ta ga mijinta a gicciye a ƙofar zaure yana hayaƙi yana ƙarni, rabin Bodinga na tsintar kifi a ƙarƙashinsa. Ta ajiye ƙullin kayan barka, ta zauna a dakali, ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya, sai ta haɗa duka biyun.

A asibiti aka wanke ƙunar, aka yi masa ƙarin ruwa. Allah ya taƙaita, fata ce ta sama, amma zama kam sai bayan Sallah. Likita ta ce tunda ga shi ya kawo kansa, bari a auna jinin. Haliru na kwance rub da ciki yana ce wa Hasiya ta shirya guɗa.

"Malam Haliru," in ji likita da ta dawo, "bai sauka ba. Ya ma ɗan ƙaru."

"Ƙaru? Bayan wagga wuta duka? Likita, na'urarku ta lalace!"

"Ina ƙwayar da na ba ka?"

Hasiya ta ce tana nan a leda, ko ɓare ta ba a yi ba. Likita ta girgiza kai. Ta ce kitsen rago daban, na jini daban. Wannan hanta ke sarrafa shi, abin da mutum ke ci yana ƙara masa, wuta ba ta kai wa gare shi sai ta fara cinye mai shi. Ƙwayar ita ke sa hanta ta sassauta, abinci da tafiya su taya ta. "Da ka bi abin da na ce tun ranar, wataƙila da yau wani labarin muke. Yanzu sai mu fara daga farko."

Haliru ya buɗe baki zai yi gardama, Hasiya ta jefa masa ƙwayar a ciki ta bi da ruwa.

Ranar Sallah aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya kwanta rub da ciki kusa da kujerar wansa, fuskarsa na kallon ƙofa. Ga raguna an jera, ga wuta na ci, ga Tasi'u da tumbinsa yana kai da kawowa yana cewa a matso, a juya. Haliru ya yi ta ƙwala umarni daga kwance. "Wancan ya yi kusa! Kai mai kihi, ba haka aka yi ba!" Ko waiwayowa ba wanda ya yi. Abin takaici kuma, naman ya yi kyau. Ya yi ja, ya yi ƙamshi, har ya ji wani dattijo na cewa bai ga bambanci da na bara ba. Wannan magana ta fi ƙunar yi masa ciwo. Ya kifa fuska a tabarma, hawaye suka zubo masa na gaske.

Alhaji Sodangi ya miƙo hannunsa mai lafiya ya dafa kan ƙanensa.

"Kuka kakai don ka rasa tareni guda? Ni nawa ya ƙare har abada, Haliru. Baɗi can nika son in gan ka, tsaye bakin wuta. Zauren ga mutum guda ya ishe shi."

Haliru ya ɗago kai. Ya kama hannun wansa ya riƙe. Sai da ya share fuska sannan ya ce, "Na ji, Yaya. Wallahi na ji." Ya ɗan nisa. "Amma ka shaida, duk ƙasar Sakkwato ni kaɗai na san tareni ciki da waje."

Suna haka sai ga Tasi'u ya shigo da faranti. A kai wata ƙatuwar tarwaɗa ce, an buɗe ta an soke ta da 'yan tsinkaye biyu a gicciye, ta gasu a gefen wutar raguna, ba mai ba kitse, sai yaji kaɗan.

"Ga layyarka, Barunje."

"Ɗauke min wanga ƙarni! Ni jikan mahauta in ci kihi ran Sallah?"

Tasi'u ya ajiye ya fita abinsa. Haliru ya harari farantin. Ƙamshi ya yi ta shigar masa hanci. Ya saci kallon ƙofa, ya ja farantin ya juya fuska bango. Da Tasi'u ya dawo ɗaukar faranti, ƙaya kawai ya tarar, an tsotse ta fes.

"To, yaya kihin?"

"Bai gasu ba," in ji Haliru, yana lasar yatsa. "Akwai wani?"